Tashar Gwajin Gandun Daji ta Olokemeji: Tarihinta da Darasin Filayen Ƙuna Uku

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin tsohon layin dogo daga Ikko zuwa Kano ya ratsa wata 'yar tasha da ake kira Olokemeji, wadda ke tsakanin Abekuta da Ibadan. Fasinjoji kaɗan ne kan ɗaga kai su dube ta. Amma kuwa a dajin da ke kewaye da ita ne aikin gandun daji irin na zamani ya yi rarrafe har ya miƙe a Nijeriya, kuma a nan ne aka gudanar da ɗaya daga cikin tsofaffin gwaje-gwajen da aka yi a Afirka a kan ƙunar daji.

Wannan maƙala za ta bi diddigin tarihin tashar gwajin gandun daji ta Olokemeji, tun daga dalilan da suka haifar da ita a ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa halin da gandun ya shiga bayan samun mulkin kai. Za a fi tsayawa a kan gwajin ƙuna na shekarar 1929, domin shi ne ya fitar da sunan tashar a duniyar ilimi. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, Turawan daji sun shiga gwajin da zaton wuta abokiyar gaba ce wadda ba a sulhu da ita, sai filayen gwajin suka nuna cewa lokacin da aka sa wutar shi ke yanke hukunci a kan abin da ƙasa za ta zama. Wannan ilimi kuwa ya daɗe a hannun manoma da makiyaya, sai dai ba a nemi kalmominsa ba a lokacin da ake tattara sunayen itatuwa.

Kafin a ci gaba, ya kamata a fayyace kalmomi uku da za su yi ta maimaituwa. "Kurmi" a nan na nufin daji mai duhuwa, wanda rassan itatuwansa suka haɗe har rana ba ta isa ƙasa sosai. "Dajin ciyawa" shi ne wanda ciyawa ta shimfiɗe ƙasarsa, itatuwa kuma suka tsaya jefi-jefi, irin wanda aka saba gani a Arewa. "Gandun daji" kuwa yanki ne da hukuma ta shata wa iyaka, ta hana sara da noma a cikinsa sai da izini.

2.0 Wurin da Sunansa

Sunan Olokemeji na Yarbanci ne, kuma an gina shi daga kalmomi uku: oní, mai nuna mallaka kamar yadda "mai" ke yi a Hausa, da òkè, wato tudu ko dutse, da méjì, wato biyu. A ƙa'idar harshen, idan oní ta haɗu da suna mai farawa da wasali irin wannan, sautin /n/ kan koma /l/, shi ya sa aka sami olókè méjì, ma'ana "mai duwatsu biyu". Duwatsun nan biyu suna nan tsaye a kusa da Kogin Ogun.

Gandun yana kimanin kilomita 30 yamma da Ibadan, a cikin Jihar Ogun ta yanzu, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 50. Ruwan saman da yake samu ya kai kimanin milimita 1,200 a shekara. Rani kan kama daga Nuwamba zuwa Maris, hunturu kuma yakan sauko har can, duk da yake ba shi da kaifi kamar na Kano ko Sakkwato.

Muhimmancin wurin ga mai bincike shi ne, yana kan gaɓar da kurmin Kudu ya yi kiciɓis da dajin ciyawa. Mutum kan fito daga duhuwa, cikin 'yan taku kaɗan ya tsinci kansa a tsakiyar gamba da ta fi shi tsawo, da maje da kaɗanya da madobiya a warwatse. Yarbawa sun bambanta yankunan biyu da kalmomin igbó da ọ̀dàn. Tun da ruwan sama ɗaya ke sauka a kan dukkansu, tilas mai lura ya tambayi kansa abin da ya raba su. Wannan tambaya ce ta zama ƙashin bayan binciken da aka yi a tashar.

3.0 Dalilan Kafa Tashar

3.1 Guguwar roba

Gwamnan Ikko na farko da ya damu da batun daji shi ne Alfred Moloney, wanda ya yi mulki daga 1886 zuwa 1891. A shekarar 1887 ya wallafa littafi a kan dazuzzukan Afirka ta Yamma, kuma a shekarar ce aka buɗe lambun gwajin tsirrai a Ebute Metta. A farkon shekarun 1890 aka tura wasu samari biyu 'yan ƙasa, T. B. Dawodu da F. G. R. Leigh, zuwa Jamaika da lambun Kew na Ingila domin su koyo aikin tsirrai. Ke nan tun daga tushe akwai hannun 'yan ƙasa a cikin aikin, ko da yake sunayen Turawa ne suka cika littattafai.

Abin da ya zaburar da hukuma ya zo bayan tafiyar Moloney. A wajejen 1894 aka soma tatsar danƙon roba daga itacen kurmi da Yarbawa ke kira irẹ́, bayan an kawo gwanayen tatsa daga Gwalkwas, wato Gana ta yau. Kasuwar roba a Turai tana ci a lokacin, saboda haka jama'a suka afka cikin kurmi. A shekarar 1895 robar da aka fitar ta Ikko ta haura laba miliyan 5. Masu tatsa suka riƙa tsaga itace daga sama har ƙasa, wasu ma su kayar da shi domin su tatse shi ƙarƙaf. Kafin ƙarshen ƙarnin itatuwan sun mutu da yawa, cinikin kuma ya durƙushe. Masu iya magana kan ce garin neman ƙiba a kan samo rama. Gwamnatin da ta ga kuɗin shigarta ya zube cikin 'yan shekaru ita ce ta fara maganar keɓe dazuzzuka, kuma Mamu da Olokemeji suna cikin na farko da aka keɓe a daidai ƙarshen ƙarni na 19.

3.2 Adawar masu ƙasa

Keɓe daji bai zo da sauƙi ba. Ƙasar Egba tana da yarjejeniyar 1893 da ta amince da 'yancinta na cikin gida, kuma wannan matsayi ya ɗore har 1914. Saboda haka sai da lallashin sarakuna ake samun fili. 'Yan bokon Ikko da jaridunsu sun yi tsaye a kan dokokin daji da aka gabatar a 1897 da kuma farkon shekarun 1900, zamanin Gwamna William MacGregor, suna ganin hanya ce ta ƙwace ƙasa da sunan kare itace. Wannan zargi bai taɓa gushewa gaba ɗaya ba. Manomin da aka hana shiga dajin kakanninsa yakan ɗauki mai gadin daji, wanda Yarbawa ke kira aṣọ́gbó, a matsayin ɗan sandan wata hukuma ta nesa.

3.3 Gadon Indiya da Bama

Ilimin da aka zo da shi Olokemeji a Indiya aka ƙera shi. Wani Bajamushe mai suna Dietrich Brandis ya kama aikin kula da dazuzzukan tik na ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, a 1856, sa'annan ya zama shugaban ma'aikatar daji ta Indiya baki ɗaya a 1864. Tsarinsa ya ginu a kan shata iyaka, da ƙirga itatuwa, da sare adadin da daji zai iya mayarwa, da hana wuta. H. N. Thompson, wanda ya zo Kudancin Nijeriya a 1903 ya shugabanci ma'aikatar daji har zuwa 1929, daga Bama ya taso, kuma da wannan tsari ya zo.

Abin lura a nan shi ne, tun a 1896 wani jami'in daji a Bama mai suna H. Slade ya yi rubutu yana cewa hana wuta ya yi yawa, domin a dazuzzukan da aka tsare daga ƙuna 'ya'yan tik ba sa tasowa, wasu itatuwan ne ke danne su. Wato muhawara a kan wuta ta riga tashar Olokemeji haihuwa, kuma ta biyo ma'aikatan cikin jirgi zuwa Afirka.

4.0 Ayyukan Farko

Layin dogo daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, ya bi ta Olokemeji. Wannan ne ya sa wurin ya dace da zama cibiya, domin ana iya kawo iri da ma'aikata, a kuma fitar da katako. A farkon ƙarni na 20 aka mayar da aikin lambun Ebute Metta can, kuma bayan haɗe Ikko da Kudancin Nijeriya a 1906 Olokemeji ta zama mazaunin shugabannin ma'aikatar daji na wani lokaci, kafin a koma Ibadan.

Aikin shekarun farko na gwada itatuwa ne. An kafa wuraren renon dashe, an shuka itatuwan gida irin su loko da maɗaci, an kuma shigo da baƙi daga Asiya. A cikin baƙin, tik ne ya fi karɓar ƙasar. Yana jure rani, gara ba ta cinsa da sauƙi, kuma idan an sare shi yakan sake tohowa daga kututture. Daga baya malaina, wadda ita ma 'yar Asiya ce, ta bi sahu. Gonakin tik na Olokemeji suna cikin mafiya tsufa a Nijeriya. A. H. Unwin, ɗaya daga cikin ma'aikatan wancan zamani, ya tattara abin da aka koya a littafin da ya wallafa a 1920 a kan dazuzzukan Afirka ta Yamma.

Wata dabara da ta zo daga Bama da sunanta ita ce taungya, kalmar da ke nufin noman tudu a harshen ƙasar. A wannan tsari a kan ba manomi fili a cikin gandu ya shuka abincinsa na shekara biyu ko uku, da sharaɗin ya rena dashen hukuma a tsakanin kunyoyinsa. In itatuwa suka rufe, sai ya matsa gaba. An fara shi a Sapoba ta ƙasar Binin a 1927, ya kuma bazu zuwa sauran gandayen Kudu. Ta haka hukuma ta sami leburan da ba ta biya, manomi kuma ya sami gonar da ba tasa ba.

A ɓangaren doka, bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka yi Dokar Daji ta 1916, wadda ta game ƙasar duka. Burin ma'aikatar shi ne ta keɓe rubu'in faɗin Nijeriya. Abin da ta iya kaiwa a ƙarshe bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba.

5.0 Gwajin Ƙuna na 1929

5.1 Tambayar da tsarin

Ra'ayin da ya yi rinjaye a tsakanin Turawan daji shi ne, dajin ciyawar da ke bakin kurmi asalinsa kurmi ne, sassabe da wuta suka mayar da shi haka. Idan maganar gaskiya ce, to hana wuta ya kamata ya dawo da kurmin. Domin a gwada wannan, a shekarar 1929, zamanin da W. D. MacGregor ke kula da binciken renon itatuwa, aka yanki filaye uku maƙwabtan juna a cikin dajin ciyawar Olokemeji. Wannan MacGregor dabam yake da gwamnan da aka ambata a baya.

Filayen ƙanana ne, kowannensu bai kai hekta guda ba. An sare itatuwan da ke cikinsu domin su fara daga mataki ɗaya. Na farko a kan sa masa wuta kowace shekara a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau. Na biyu a kan ƙone shi kowace shekara a farkon rani, jim kaɗan bayan ɗaukewar ruwa. Na uku kuwa aka kewaye shi da hanyar tare wuta, aka hana ta shiga sam. Daga nan babu sauran aiki sai maimaitawa da haƙuri. Shekara ta bi shekara, ma'aikata suna sauyawa, Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya wuce, leburori suna share hanyar wuta, suna kunna ta a ranar da aka ƙayyade.

5.2 Sakamako

Bayan shekara 28, wato a 1957, aka yi wa filayen ƙidaya ta tsanaki, kuma J. R. Charter da R. W. J. Keay suka wallafa sakamakon a 1960. Filin da ake ƙonewa a ƙarshen rani ya tsaya a matsayin dajin ciyawa buɗaɗɗe, itatuwansa kaɗan ne, kuma masu jure wuta ne. Wanda ake ƙonewa da wuri ya fi shi yawan itatuwa da yawan nau'o'i, inuwa ta fara haɗuwa, har wasu itatuwan kurmi sun sami wurin tsayawa. Filin da aka hana wa wuta kuwa ya rikiɗe ya zama ƙaramin kurmi. Itatuwan da ba sa jure ƙuna sun yi rinjaye a cikinsa, ciyawar da ta mamaye shi a 1929 kuma ta kusa ɓacewa.

Ke nan ƙasa ɗaya da ruwan sama ɗaya sun haifar da daji iri uku cikin ƙasa da shekara talatin. Gwaje-gwajen da aka yi a wasu wurare sun zo da kwatankwacin wannan: na Ndola a Zambiya ta yau, wanda aka fara a 1933, da na Kokondekro kusa da Buwake a Kwaddibuwa, wanda Bafaranshe André Aubréville ya kafa a 1936.

5.3 Abin da ya sa haka

Dalilin bambancin yana cikin halin ciyawa da na itace. A farkon rani gindin ciyawa da sauran ɗanyantaka, raɓa kuma tana sauka da dare. Wutar da aka sa a lokacin takan yi rarrafe, ta ci nan ta bar can, ta mutu da yamma. A ƙarshen rani kuwa hunturu ya riga ya tsotse komai, ganye ya zuba ya ƙara makamashi, harshen wuta kan tashi ya kai rassa. Daɗin daɗawa, itatuwa da yawa na dajin ciyawa sukan fitar da sabon toho tun kafin ruwa ya faɗi, saboda haka wutar ƙarshen rani takan same su a lokacin da suka fi rauni.

Itatuwan dajin ciyawa, irin su kaɗanya da namijin kaɗe da baushe, suna da ɓawo mai kauri da ke kare jikinsu, kuma ko an ƙone samansu sukan sake tasowa daga saiwa. Itatuwan kurmi ɓawonsu siriri ne, wuta ɗaya ta ishi ƙaraminsu. Ita kuwa ciyawa ba ta rayuwa sai da rana. Saboda haka idan aka hana wuta na 'yan shekaru, itatuwa kan yi inuwa, inuwa ta kashe ciyawa, rashin ciyawa kuma ya hana wuta abin ci. In aka ci gaba da ƙuna mai zafi sai al'amarin ya juya, ciyawa ta ciyar da wuta, wuta ta share wa ciyawa fili. Wannan ne ya sa iyakar igbó da ọ̀dàn take da kaifi kamar an ja ta da wuƙa.

6.0 Yadda Aka Fassara Sakamakon

An karanta sakamakon Olokemeji ta fuska biyu. Fuska ta farko ita ce wadda ta dace da tsohon zato: tun da kurmi ya dawo inda aka hana wuta, to duk dajin ciyawar da ke bakin kurmi ɓarnar ɗan Adam ce. Keay, a littafinsa kan rabe-raben tsirran Nijeriya wanda ya fara fitowa a 1949, ya yi amfani da sunan da za a iya fassarawa da "daji magajin kurmi" ga wannan yanki, sunan kuma ya shiga taswirori da littattafan makaranta. A shekarar ce kuma Aubréville ya wallafa littafin da ya yaɗa kalmar da ake fassarawa da kwararowar hamada.

Wannan tsoro ya taɓa Arewa kai tsaye. A 1935 E. P. Stebbing, tsohon jami'in dajin Indiya, ya yi shelar cewa Sahara na tunkaro Arewacin Nijeriya, ya ɗora laifin a kan sassabe da kiwo da ƙuna. Kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa da ya zagaya kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 bai sami shaidar wannan tunkarowa ba. Duk da haka, kallon manomi da makiyayi a matsayin maɓarnata daji ya zauna daram a ofisoshi.

Masana na baya sun yi wa wannan fassara gyara. A 1965 W. B. Morgan da R. P. Moss suka nuna cewa a Yammacin Nijeriya irin ƙasa da yadda take riƙe ruwa suna da hannu a inda kurmi ke tsayawa. A 1996 James Fairhead da Melissa Leach suka nuna cewa kuramen da ke kewaye da ƙauyukan Kisidugu a ƙasar Gini, waɗanda Turawa suka ɗauka ragowar tsohon kurmi ne, mutanen ƙauyukan ne suka rene su. Haka kuma wani nazari da aka wallafa a 2005, wanda ya tattara bayanai daga ɗaruruwan wurare a Afirka, ya gano cewa inda ruwan sama bai kai kimanin milimita 650 ba, ƙarancin ruwan ne ke taƙaita itatuwa. Sai a inda ya haura haka ne wuta da dabbobi ke hana daji rufewa. Bisa ga wannan, abin da ya faru a Olokemeji mai milimita 1,200, kuma a gefen kurmin da ke aiko da iri, ba zai faru a dajin Gumel ko na Illela ba, ko da an shekara ɗari ba a ƙyasta ashana ba.

Har ila yau, tsarin gwajin kansa yana da iyaka. Fili ɗaya tak aka ware wa kowane nau'in ƙuna, babu shanu a ciki, kuma ana ƙone fili gaba ɗaya a rana guda. Manomi da makiyayi ba haka suke yi ba. Binciken Paul Laris a kudancin Mali ya nuna cewa mutanen karkara kan fara ƙuna da wuri, suna bin kowace irin ciyawa a lokacin da ta bushe, har daji ya zama dabbare-dabbare, wani wuri ƙonanne wani ɗanye. In gobarar ƙarshen rani ta taso, sai ta tarar an riga an datse mata hanya.

Fuska ta biyu ita ce ta masu aiki a fili. Su sun lura cewa hana wuta ɗungum a daji mai faɗi abu ne da ba ya yiwuwa, kuma shekarar da ta kuɓuce bayan ciyawa ta taru ɓarnarta ta fi ta kullum. Fili na biyu ya nuna musu mafita, saboda haka ƙunar farkon rani ta zama manufar ma'aikatun daji a gandayen dajin ciyawa, har da na Arewa. Wato hukuma ta dawo kan abin da Bafulatani mai neman sabon toho domin shanunsa, da manomi mai kare gambar zana da shucin jinka, suka daɗe suna yi. Wutar da ta cancanci zargi ita ce ta ƙarshen rani, irin wadda mafarauta kan sa domin gafiya da zomo, wadda kan babbake furen kaɗanya da na ɗorawa. Ba a Afirka kaɗai aka yi wannan komowa ba. A arewacin Ostireliya, tun daga 2006 ake biyan 'yan asalin ƙasar domin su yi ƙunar farkon rani irin ta kakanninsu.

7.0 Rabon Harsunan Nijeriya

Aikin daji ya bar wa nazarin harshe gado mai yawa, domin Baturen daji ba ya iya aiki sai ya san sunan itace a bakin mutanen wurin. J. M. Dalziel, wanda likita ne, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, shekara 18 kafin fitowar babban ƙamusun Bargery na 1934. A 1937 ya fitar da littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, cike da sunaye daga harsuna da dama. Keay da C. F. A. Onochie da D. P. Stanfield sun bi sahu da littafin itatuwan Nijeriya mai juzu'i biyu a 1960 da 1964, sa'annan Z. O. Gbile ya fitar da jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1980 da na Yarbanci a 1984.

Shi ma harshen Hausa ya faɗaɗa domin ya karɓi sabon tsarin. "Gandu" a asali babbar gona ce ta gida ko ta sarauta wadda ake nomawa tare. Da aka ce "gandun daji", sai ma'anar mallakar mai iko ta biyo kalmar, kuma haka talaka ya fahimci abin. "Malamin daji" ya samu ta hanyar da aka sami malamin gona da malamin asibiti.

Sai dai kusan duk wannan tattarawa ta sunaye ce. Mai tambaya yakan nuna itace ya ce mene ne wannan, ya rubuta, ya wuce. Kalmomin aiki da na yanayin ƙasa ba su sami irin wannan kulawa ba. Hausa ta bambanta toyi, wato ƙunar daji da gangan, da gobara wadda ta ƙwace. Tana da sassabe da saura da sunƙuru, da fako da fadama da jigawa, da toho da gyauro. Kowace ɗaya tana ɗauke da bayani a kan abin da aka yi wa ƙasa da abin da ake sa ran za ta yi. Da an bi irin waɗannan kalmomi a Yarbanci da Hausa da Fulfulde da Nufanci da Tibi da irin naciyar da aka bi sunayen itatuwa, da an tarar da rabe-raben wuta da lokutanta a shirye tun kafin a yanki filayen 1929.

8.0 Bayan Mulkin Mallaka

An buɗe makarantar koyon aikin daji a Ibadan a 1941. Da tsarin mulkin 1954 ya mayar da gandaye hannun jihohin wancan lokaci, bincike ya zauna a hannun tarayya, a ma'aikatar da ta zama Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya a shekarun 1970. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen nazarin daji a 1963, aka kuma kafa tashar binciken dajin ciyawa a Samaru ta Zariya a 1964. Olokemeji ta ci gaba da jan masana. Brian Hopkins ya wallafa jerin maƙalu a kan tsirran gandun tun daga 1962, waɗanda suka sa ya zama ɗaya daga cikin dazuzzukan da aka fi nazarta a Afirka ta Yamma.

Daga baya al'amura suka ja baya. Gandun ya koma hannun Jihar Ogun da aka ƙirƙiro a 1976, kuma kamar sauran gandayen ƙasar, an fi kallonsa a matsayin hanyar kuɗin shiga. Masu sarar katako da masu gawayi da masu neman gona sun ci yanki mai yawa na kurmin. A 2021 aka ƙaddamar da wani shiri na sake dasa itatuwan gida a wani sashe na gandun, da hannun cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa asarar roba ce ta haifi tashar Olokemeji, ilimin Indiya da Bama ya rene ta, gwajin ƙuna na 1929 kuma ya ba ta suna. An ga yadda filaye uku suka tabbatar da cewa wutar farkon rani da ta ƙarshensa ba abu ɗaya ba ne, da yadda aka miƙa wannan sakamako zuwa yankunan da bai shafa ba. Amsar da aka samu a 1957 ta samu ne domin an yi shekara 28 ana share hanyar wuta ba fashi, a ƙarƙashin ma'aikatan da yawancinsu ba su ga ƙarshen aikin ba.

Akwai aikin da ya rage wa masana harsunan Nijeriya. Tsofaffin da suka san wace ciyawa ake fara ƙonewa, da wane wata, da sunan kowane mataki, suna ƙarewa, dazuzzukan da kalmomin ke bayyanawa su ma suna ƙarewa. Ya dace sassan harsuna su haɗa kai da sassan nazarin daji, a tura ɗalibai ƙauyukan da ke bakin gandaye, daga Olokemeji har Falgore da Yankari, su tattaro kalmomin ƙuna da na sassabe da na farfaɗowar daji tare da bayanin masu amfani da su. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani.